Mai Sunan Inna

Abubuwa da yawa sun same ni a zaman aure da renon 'ya'ya, wasu ma kafin shekara ta zagayo na manta da su. Amma akwai wata Asabar guda da na tabbata ko tsufa ya taɓa mini hankali ba za ta fita daga raina ba. Ranar ce 'yata ta tsaya a gaban jama'a a Islamiyyarsu, nan Birnin Kudu, aka yi mata tambayar da ta fi kowa sanin amsarta, ta buɗe baki ta ce ba ta sani ba. Kuma ba kowa ya jawo mata ba sai ni uwarta. Yanzu yarinyar ta girma, idan aka tuno zancen dariya take yi har da riƙe ciki. Ni kuwa har gobe idan na tuna sai in ji haushin kaina ya taso mini sabo fil.

Tun ina sakandare babu darasin da nake so kamar tarihi. Da na gama aka yi mini aure, karatu ya tsaya a nan, amma labaran ba su bar kaina ba. Da Allah ya ba ni 'ya'ya sai na lura duk sunan ɗan ƙwallon da za ka ambata sun san shi, amma ka tambaye su wani malami ko shugaba na da, sai su zuba maka ido. Abin ya dame ni. Sai na ɗauki wata al'ada: bayan sallar La'asar, idan na baje tabarma a tsakar gida ina tsintar shinkafa ko ina gyaran zogale, sai in tara su in ba su labarin wani babban mutum cikin magabata. Yadda ya taso, abin da ya yi, wahalar da ya sha, da abin da ya bar wa na baya.

Sai dai akwai wata 'yar matsala da ni ban ma taɓa ɗaukarta matsala ba. Yadda aka tashe mu, mace ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin na surukanta, ba ta faɗin na ɗanta na fari. Dangin maigidana kuwa mutanen wani ƙauye ne kusa da Sara, asalinsu masu shanu ne, su abin nasu har ya fi namu tsanani. To su kuma waɗannan magabatan, ai sunayensu muke ɗauka muna raɗa wa 'ya'yanmu. Sarauniyar nan da aka ce ta yi yaƙe-yaƙe ta kewaye garuruwa da ganuwa, sunan 'yata ta fari gare ta, don haka a tabarmata ta zama “mai sunan Yaya”. Shugaban nan mai daddaɗar murya na zamanin samun 'yancin kai, sunan maigidana gare shi, ya zama “mai sunan Abba”. Ita kuwa babbar malamar nan ta ƙasar Sakkwato, 'yar babban malami, wadda ta tsaya tsayin daka a kan karatun mata, sunan surukata gare ta. Ita ce “mai sunan Inna”. Kada mai karatu ya zauna jiran in rubuta sunan a nan gaba, don ba zan iya ba. Duk wanda ya san tarihi ya riga ya gane wadda nake nufi.

Cikin 'ya'yana babu wanda wannan labarin ya shiga ransa kamar 'yata ta biyu. Lokacin shekarunta takwas. Yarinya ce mai shiru-shiru, irin wadda idan aka yi sallama sai ta shige bayan ƙyaure, idan baƙo ya tambaye ta sunanta sai ta kama bakin hijabi tana taunawa. Na sha kai kukana ga Allah a kan wannan noƙewar tata. Amma da zarar na fara labarin mai sunan Inna sai ka ga idonta ya buɗe. Ta haddace shi tsaf: yadda malamar ta yi karatu tun tana ƙarama, yadda ta iya Larabci da Fulatanci da Hausa, yadda take zaɓar dattawan mata ta karantar da su, ta ɗora musu malfa, ta tura su ƙauyuka su koyar da matan da ba su da halin fitowa. Sau da yawa nakan leƙo daga kicin in gan ta a bayan ɗaki ta kifa faifai a ka a matsayin malfa, ta tsare kajina a lungu tana koya musu alwala.

Wata rana malamarsu ta Islamiyya ta yi sallama har gida. Ta ce za a yi gasar tarihin magabata a bikin ƙarshen shekara, yara biyun da suka yi nasara za a kai su Gwaram su kara da makarantun can. Sannan ta ce, “Maman yara, kin san wa ya fara ɗaga hannu da na tambayi masu so? 'Yarki. Wallahi sai da na sake dubawa.”

Na ji hawaye ya cika mini ido. Yarinyar da ko “lafiya lau” sai an roƙe ta. Malama ta ce za ta riƙa tara waɗanda aka zaɓa ranakun Alhamis da Juma'a tana yi musu bita, in riƙa turo ta. A nan ne na yi wautata ta farko. Na gyara zama na ce, “Malama, wannan ki bar mini ita. Ni fa tarihi ko a sakandare ba a taɓa wuce ni ba. Ki ji da sauran.”

Ta ce, “Kin tabbata?”

Na ce, “Ke dai ki zuba ido.”

Allah ya yafe mana girman kai. Da na bar yarinyar nan ta je bita ko sau ɗaya, da ba na zaune ina rubuta wannan.

Ana haka sai ga Inna, mahaifiyar maigidana, an kawo ta daga ƙauye za a yi mata aikin ido. Aka yi aiki lafiya, likita ya ce ta zauna kusa na wasu makonni saboda dawowa dubiya. Inna tsohuwa ce mai kirki, ba ta taɓa ci mini mutunci ba, amma Allah ya yi mata baki, kuma shekara goma sha biyu da aurena ba ta fasa ce mini “amarya” ba. Idonta ɗaya a rufe da auduga, amma kunnuwanta biyu garau. Wurin zamanta kuwa bai wuce gefen tabarmar da nake karantar da yarinyar ba.

Ban taɓa sanin ana iya gajiya da ba da labari ba sai a makonnin nan. Ina cikin bayanin yaƙe-yaƙen mai sunan Yaya sai in ji, “Amarya, ita wannan sarauniyar taku, tana can tana yaƙi wa ke tuƙa tuwon gidanta?”

“Inna, ai sarauniya ce, tana da masu yi mata.”

“Uhm. Ragguwa ce ke nan.”

In haɗiye, in koma kan mai sunan Abba, yadda ya fara da koyarwa kafin ya zama shugaba. Sai ta ce, “Shanu nawa gare shi?”

“Inna, ba a rubuta ba.”

“To me aka rubuta? Mutum ba a san garkensa ba, a ce wai babba ne.”

Yarinya ta yi ta ƙyalƙyala dariya, ni kuwa ina ji kamar in kifa farantin shinkafar in shige ɗaki. Ga lokaci yana tafiya, ga ba dama in ce wa surukata ta yi shiru. Sai dai in ce, “Haka ne, Inna,” in ci gaba daga inda aka katse ni, idan ma na tuna wurin.

Abu guda na lura da shi: duk ranar da aka zo kan mai sunan Inna, tsohuwar nan ba ta cewa uffan. Sai ta jingina da bango tana jan carbi kamar mai gyangyaɗi. Sau ɗaya tak ta sa baki. Ina cewa ana ɗora wa matan malfa, sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba, “Da jan ƙyalle. Ana ɗaura wa malfar jan ƙyalle.” Na ce, “To, Inna,” a raina kuwa na ce ga shi an fara yi mini ƙari a cikin tarihi. Ban tambaye ta inda ta ji ba. Ina ganin wadda ba ta taɓa shiga aji ba, me za ta gaya mini?

Sannan ta ɗora mana wani nauyin. Tun da ta ji an ce waɗanda suka ci za a kai su Gwaram, shi ke nan, a wurinta an riga an ci. Kullum sai ta miƙo mini 'yar wayarta: “Amarya, kamo mini ƙanwata.” “Kamo mini matar liman.” Kowa ta samu sai ta ce, “Ƙawata na nan zuwa Gwaram, za ta yi karatu a lasifika. Ku shirya, har da ku za a je kallo.” Ƙawarta ita ce jikar tata, haka take kiranta. Na ce, “Inna, ku bari a yi gasar tukuna mana.” Ta ce, “Ke dai ba ki da tawakkali.” Kafin mako ya ƙare babu gidan da bai sani ba a ƙauyen. Ita ma yarinyar ta sa abin a ranta, har ta ware kayan da za ta sa ranar tafiya Gwaram ta ninke ta ajiye a ƙarƙashin matashi.

Saura kwana uku gasa Allah ya kawo mini dama har tabarmata, na sa ƙafa na shure. Yarinyar ta gama karanto mini labarin malamar tun daga farko har ƙarshe, babu tuntuɓe ko ɗaya. Sai ta ce, “Umma, ita mai sunan Inna ɗin, mene ne sunanta?”

Inna na zaune, tsakanina da ita bai fi taku biyu ba. Na ji kunya ta lulluɓe ni tun daga ka har ƙafa, kamar an ce in tuɓe ɗankwali a kasuwa. Na zare wa yarinyar ido na ce, “Ke! Ba ki da hankali? Tashi ki dubo mini tukunya.” Ta tashi sumui-sumui. Na ce a raina anjima idan mun keɓe zan sa yayarta ta gaya mata, ko in rubuta mata a takarda. Anjimar da ba ta zo ba ke nan. Aka kira Magariba, aka shiga hidimar abinci da ɗiga wa Inna maganin ido, zancen ya bi iska. Ita kuma yarinya ta ɗauka wannan tambaya ce da ba a yi, ba ta sake ɗaga ta ba.

Ranar Juma'a maigidana ya dawo, don a wata makaranta can wajen Dingaya yake koyarwa, sai ƙarshen mako muke ganinsa. Na sa yarinyar ta tsaya ta karanto masa komai. Ta ce mai sunan Yaya, ya gyaɗa kai. Ta ce mai sunan Abba, ya yi murmushi. Ta ce mai sunan Inna, ya ce, “Ma sha Allahu, wannan ai an gama.” Malamin makaranta ne fa! Shi ma bai ji komai ba. Duk wani babba a gidan ya san wadda ake nufi, shi ya sa babu wanda ya tsaya ya tambayi ko ita mai faɗin ta sani.

Ranar Asabar da hantsi muka tafi. Na so Inna ta zauna a gida saboda rana, ta ce ko a kan jaki sai ta je. Ta sa baƙin tabaran da likita ya ba ta, ta yafa mayafinta na zuwa biki, muka shiga adaidaita. An kafa rumfuna a filin makarantar, mata gefe guda, maza gefe guda, alƙalai uku a kan tebur. Yara shida aka jera. Tawa ce ƙarama a cikinsu, hijabinta har yana jan ƙasa. Tsarin kuwa shi ne, alƙali zai ambaci sunan mutum, yaro ya ba da tarihinsa. Idan ya kasa a miƙa wa na kusa da shi.

Aka ambaci sarauniyar, 'yata ta ba da labari. Ba ta bar komai ba. Aka zagayo aka ambaci shugaban, nan ma ta zuba. Mata suka fara waiwayowa suna tambaya, “'Yar wace ce wannan?” Inna kuwa ba ta jira na amsa ba, “Jikata ce. Gwaram za ta.” Aka zo zagayen ƙarshe, wanda aka ce makinsa ya fi yawa. Yara uku ne suka rage a gaba, tawa tana cikinsu.

Babban alƙalin ya gyara tabarau, ya kira sunan malamar a lasifika, cikakke, ya ce 'yata ta ba da tarihinta. Jin sunan surukata yana amsa-kuwwa a fili, ga ta a gefena, sai da na sunkuyar da kai. Amma a zuciyata cewa nake, Alhamdu lillahi, an zo gidanmu. Wannan ko daga barci aka tashe ta za ta karanto.

Na jira in ji ta fara.

Na ɗago. Yarinyar tana tsaye riƙe da makirufo da hannu biyu, tana kallon alƙali kamar ya yi mata wani yare. Ya sake maimaita sunan a hankali. Ta waiwayo tana nemana a cikin mata. Sannan ta ce, da wata 'yar murya da har yau nake jin ta, “Malam, ban san ta ba.”

A daidai wannan lokacin ne komai ya faɗo mini. Sunan yayarta ta san shi, kullum ana kira a makaranta. Sunan babanta yana rubuce a bayan kowane littafinta. Amma sunan Inna, a ina za ta ji shi? Ni ba na faɗa. Babanta ba ya faɗa. A ƙauye kowa Inna yake cewa, har liman. Yarinyar nan tun da aka haife ta ba ta taɓa jin wani ya kira kakarta da suna ba. Na cika mata kai da labari, na hana ta abu ɗayan da za a kira labarin da shi. Na ji kamar in miƙe in yi ihu in ce, wadda kike koya wa kaji labarinta ce! Amma ko da an ba ni dama, me zan ce? Bakin da ya kasa a tsakar gida, shi zai iya a gaban taro?

Aka miƙa tambayar ga ta kusa da ita, wata yarinya da ta ɗan girme ta. Ita kuwa jimla uku ko huɗu ta iya kawowa. Ta ce 'yar babban malami ce, ta ce ta karantar da mata, ta ce tana ba su malfa. Tana ambatar malfa sai na ga 'yata ta zabura. Ta manta da kunya, ta manta da taro, ta manta makirufo yana bakinta.

“Lah! Ai mai sunan Inna ce! Malam, wallahi na san ta! Mai sunan Inna ce!”

Filin nan gaba ɗaya ya ɗauki dariya. Alƙalin ma sai da ya cire tabarau yana goge ido. Ya ce, “Wace Innar, 'yata?” Ita kuwa ta miƙa hannu ta nuno mu. Kawuna suka juyo. Ga Inna zaune ƙiƙam cikin baƙin tabarau, ga ni ina neman inda zan cusa fuskata. Wata mata a bayana ta ce, “Allah sarki, uwar ce mai kunya.” Wata ta ce, “Kunyar ta yi mata rana kuwa.” Malamarsu tana can gefe ta dafe kai, kallo ɗaya ta yi mini, ya ishe ni.

Alƙalin ya yi wa 'yata magana mai daɗi, ya ce ya ga alama ta sani, amma ƙa'ida ita ce tambaya idan ta wuce ta wuce. Ta zo ta uku. Biyu ake kaiwa Gwaram.

 Muna shiga gida yarinyar ta wuce ɗaki ta kwanta ta juya wa ƙofa baya. Ni kuma ko mayafi ban cire ba Inna ta fara.

“Amarya, ashe yarinyar nan ba ta san sunan ba?”

“Inna, na zaci...”

“Kin zaci me? Wata guda kina cika mana kunne, ashe buhu kike ɗurawa ba ki ɗaure baki ba. Kunyarki ai taki ce. Wa ya ce ki ɗora wa yarinya?”

Wallahi ban san lokacin da hawayen takaici ya zubo mini ba. Shekara goma sha biyu ina kaffa-kaffa da sunan nan. Ko a asibiti da aka ce in faɗi sunan mara lafiya, katinta na miƙa na yi shiru. Duk don girmanta. Yau kuma ita ce take tuhumata a kan ban faɗa ba! Na juya wajen maigidana ko zai sa baki, sai cewa ya yi, “Ai ni na ɗauka kin gaya mata.” Na ce, “Kai da ka ji ta jiya fa?” Ya ce, “To ai ke ce malamar tarihin.” Ya zari hularsa ya fice masallaci tun ba a kira salla ba. Ga wayar Inna tana ta ƙara, mutanen ƙauye suna son jin ranar zuwa Gwaram.

Amma duk wannan bai dame ni ba kamar yarinyar. Ba ta ci abincin rana ba. Da na shiga lallashinta sai ta ce, “Umma, ai na tambaye ki.”  Ban taɓa jin maganar da ta soke ni kamar wannan ba, don gaskiya ta faɗa. Na ce ta yafe mini, ta gyaɗa kai, sannan ta ce ita ba za ta sake tsayawa a gaban mutane ba har abada, kuma ba za ta koma Islamiyya ba, don tun a bakin ƙofa yara sun fara kiranta “mai sunan Inna”. Na ga ƙofar da na shekara ina roƙon Allah ya buɗe tana rufewa a gabana, kuma da hannuna na tura ta.

Washegari da hantsi ina kicin ina dama koko sai na ji Inna tana kira, “Ƙawata! Fito nan, ni ban iya zaman makoki ba a yi mutuwa ba.” Da ƙyar ta fito, ta rakuɓe a bakin tabarma.

Inna ta ce, “Ke a zatonki da aka haife ni, Inna aka raɗa mini? Aka yanka rago aka ce sunan jaririya Inna?”

Yarinyar ta ɗan murmusa, ta girgiza kai.

“To ni ma ina da suna, kamar kowa. Matso ki ji.” Ba ta yi raɗa ba. Da ƙarfi ta faɗe shi, har ni da ke kicin na ji. Ta ce, “Babana malami ne a ƙauyenmu, ba babba ba, na allo. Saboda wannan baiwar Allah ya sa mini sunan. Shi ya ba ni labarin malfa da jan ƙyalle, tun ban kai ki ba. Ya so in yi karatu, Allah bai nufa ba, aka bar ni da bin shanu. To faɗi in ji.”

Yarinyar ta waiwayo wajen kicin tana nemana da ido.

Inna ta ce, “Kar ki kalli uwarki. Ita surukata ce, bakinta a ɗaure yake. Ke kuwa jikata ce, tsakanina da ke babu wannan. Faɗi.”

Ta faɗa, a hankali, kamar mai taka ƙwai.

Inna ta ce, “Na'am.”

 Na leƙo. Ta cire tabaran tana goge idon da ba a yi wa aiki ba da bakin zaninta. Can ta ce, “Rabon da wani ya kira ni da shi tun rasuwar yayana. Ke ko babanki ba a yi wa kaciya ba lokacin.” Sannan ta gyara murya, ta koma Innar da na sani, “To me kike jira? Fara mini daga farko. Da sunan za ki fara. Kuma kar ki manta jan ƙyallen, uwarki ba ta san shi ba.”

Kokona ya yi gudaji a ranar, don ina tsaye riƙe da ludayi har ta kai ƙarshe.

Da likita ya sallami Inna, hutu ya zo, sai ta ce da ƙawarta za ta koma. Ta ce ta riga ta gaya wa mutane jikarta za ta zo ta yi karatu, ita kuma ba a taɓa kama ta da ƙarya ba. Yarinyar ta ciro kayan nan da ta ninke a ƙarƙashin matashi ta sa. Ban je ba, amma maigidana ya ba ni labari. Ya ce Inna ta tara matan ƙauyen a tsakar gidanta da rana tsaka, ta aro malfar wani makiyayi ta ɗaura mata jan ƙyalle ta kifa wa yarinyar, ta ce ta tashi tsaye. Babu lasifika, babu alƙali. Ya ce yana zaure yana jin muryarta tar, kuma duk lokacin da ta ambaci sunan sai matan 'ya'yan Inna da sauran surukai su sunkuyar da kai suna dariya ƙasa-ƙasa, ita kuwa tsohuwar ta ce, “Ku yi ta noƙewa, mai shi tana nan zaune.” Da aka koma makaranta yarinyar ta ɗauki jakarta ta tafi Islamiyya ba tare da an ce mata ba. Masu tsokanarta da “mai sunan Inna” kuwa, amsawa take yi.

Abin da wannan ya koya mini, ban same shi a sakandare ba. Idan za ka ba yaro labarin mutanen kirki, ka ba shi cikakke, kada ka ɗauka abin da ke cikin kanka yana cikin nasa. Idan ya yi tambaya kuma, ko ta yi maka nauyi, kada ka kore shi dubo tukunya. Kunya abu ne mai kyau, ban bar tawa ba kuma ba zan bari ba, amma ni aka ɗora wa ita, ba 'ya'yana ba. Sannan na gane ina ta haƙilon kai su Sakkwato da sauran garuruwa neman magabata, ga wata a gefen tabarmata da nata tarihin, ban taɓa ce mata ta ba mu ba.

Har yanzu ina ba ƙannenta labari bayan La'asar. Sai dai yanzu da alli nake zama. Kafin in fara, sai in rubuta sunan a jikin bango da manyan baƙaƙe, in ce wani ya karanta da ƙarfi kowa ya ji. Idan aka zo kan wancan sunan, sai in sunkuyar da kai in ci gaba da tsintar shinkafata har su gama. Inna ta rasu shekarun baya, Allah ya jiƙanta ya sa ta huta. Amma duk ranar da yaran suka karanta shi, sai in ji kamar daga gefen tabarma za a ce, “Na'am.”